Akwatin Yaya Umaru

Na san abin da ake faɗa muku. An ce babanku ya samu aiki a Abuja, aiki mai gida da mota, amma ya ƙi tafiya don ya hangi shagon wansa da ya rasu, ya ga banza ta faɗi. Masu sauƙin baki kuma sun ce tsoron birni ne ya kama ni. Na daɗe ina jin maganganun nan ina yin shiru, don masu yin su ba sa zuwa gabana su yi. Yanzu ido ya fara rauni, gwiwa ta daina hawa ƙarfe, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Umaru, tunda a wurina ba ku taɓa zama gida biyu ba.

Yaya Umaru yana cikin mutanen farko da suka jawo intanet suna sayarwa a ɓangarenmu na Kontagora. Ya kafa dogon ƙarfe a bayan shagonsa kusa da kasuwa, ya ɗora wa kowane kwastoma eriya a kan rufi: masu kafe, wato shagunan shiga intanet, masu yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, wani asibitin kuɗi, da wasu 'yan kasuwar hatsi da suka waye da wuri. A cikin shagon akwai kabad na ƙarfe, a cikin kabad ɗin akwai akwati ɗaya mai girman rediyon da, fitilu suna ƙyafta ido a gabansa dare da rana. Duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita ta cikinsa yake bi. Shi ya san wanda ya biya, shi ya san wanda za a buɗe wa hanya da wanda za a tsuke wa. Ni ne hannu da ƙafar Yaya, ni nake hawa ƙarfe in saita eriya, shi kuma shi ne kai. Kalmar sirrin shiga akwatin shi kaɗai ya sani. Ba don bai yarda da ni ba ne, halinsa ne haka. In na yi masa maganar sai ya yi dariya ya ce in bari in yi gemu tukuna, alhali gemuna ya fi nasa tsawo.

Ya tafi Tungan Magajiya duba wurin da yake so ya kafa sabon ƙarfe, ya dawo da zazzaɓi. Muka ɗauka na sauro ne da aka saba. Kafin mu farga Allah ya yi ikonsa. Ya bar matarsa Rakiya da yara uku da ƙaramin ciki. Har yau in na tuna ba mu yi sallama ba, abin yakan dame ni.

Da aka gama zaman makoki, Baffa Isiyaku ya tara mu. Wasunku ba su riske shi ba. Ƙanin mahaifinmu ne, shi ya riƙe ni da Yaya bayan mahaifinmu ya rasu, ɗan kasuwar hatsi ne a Rijau, mutumin da in ƙwayar dawar wani ta faɗa cikin mudunsa sai ya tsince ta ya mayar. Malamin da ya kira ya yi bayani cewa ba za a raba gado ba sai Rakiya ta haihu, don babu wanda ya san abin da ke cikin: namiji ne, mace ce, ɗaya ne ko biyu. Kowa ya gamsu. Baffa ya kulle ɗakin Yaya, ya jefa tarin makullansa a aljihu, sannan ya juyo gare ni.

"Haruna, shagon nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na marayu ne, har da wanda bai zo duniya ba. Ka buɗe, ka zuba mai a janareta, abin da aka kawo ka kai wa uwarsu. Amma yadda Umaru ya bar kowane abu, haka za a same shi ranar rabo. Ko ƙusa kada ka cire."

Na ce na ji, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. A lokacin wani kamfanin sadarwa a Abuja ya riga ya ɗauke ni aiki, sun kuma yarda su jira ni saboda rasuwar. Lissafina mai sauƙi ne: in riƙe shagon har a haihu, a raba, in miƙa wa wanda aka ce, in kwashi iyalina mu wuce.

Sai akwatin ya fara ciwo. Gaskiya tun Yaya yana da rai ya fara, har ya ce bayan sallah zai sake masa manhaja. Yana cikin aiki sai ya sandare, fitilun su tsaya cak, kowa ya yanke, sai na kashe shi na sake kunnawa. Da farko jefi-jefi ne, daga baya ya zama ba na iya zuwa cin abinci hankali kwance. Ga lokacin rajistar jarrabawa ya kama, masu kafe suna da layin ɗalibai har bakin titi. Mutanen nan sun yi mana kara saboda mutuwa, amma kara tana da iyaka. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sayen modem na kamfanonin waya, suna cewa kafin a gyara ne. Na san wanda ya tafi kafin a gyara ba ya dawowa.

Na kira waɗanda suka sayar wa Yaya akwatin a Legas. Suka ce manhajar da ke tafiyar da shi, wadda a sana'a muke kira famwaya, ta tsufa har ba za ta karɓi sabuwa ta intanet ba. Hanya ɗaya ce ta rage: in sauke sabuwar a laftof, in rubuta ta a kan filash ta yadda akwatin zai tashi daga filash ɗin maimakon daga cikinsa, sannan ta goge komai ta zauna. Komai ɗin nan ya haɗa da kalmar sirri da duk saitin da Yaya ya yi shekaru yana yi. Kuma tunda ba ni da kalmar, ba ni da halin kwafe saitin in ajiye. Sai dai in sake gina shi daga abin da ke kaina.

Na hau mota zuwa Rijau. Na tarar da Baffa a ɗakin ajiyarsa, yana zaune kan buhu yana kallon masu awo. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, don bai taɓa katse mutum ba.

"Buhunan nan da kake gani," ya ce, "in na rufe su har damina ta wuce, dawa zan tarar."

"Baffa, wannan ba dawa ba ce. Dukiyar ba ƙarfen ba ne, mutanen da suke biya ne. In suka watse, ranar rabo ƙarfe za a raba wa yaran."

"Ka tabbata in ka yi abin nan zai tashi?"

"In sha Allahu."

"Na san da in sha Allahu. Kai nake tambaya, ka tabbata?"

Na sunkuyar da kai na ce ban tabbata ba. Aiki ne da akan yi a ci nasara, akan kuma yi a ci karo da matsala.

"To ka ji. In ya mutu da kansa, Allah ne ya kashe shi, babu mai tambayarmu. In ya mutu a hannunka, ni da kai za mu tsaya mu amsa. Ni na tsufa, ba ni da ƙarfin ɗaukar wutar dukiyar maraya."

Na dawo raina a jagule. Kada ku ɗauka Baffa jahili ne ko mai taurin kai na banza. Tsoron Allah ne ya hana shi, kuma na san haka tun a ranar. Abin da ya dame ni shi ne, ni ma tsoron Allah ɗin ne yake tura ni, sai dai ya tura mu hanya daban-daban.

Da na kai wa Rakiya abin da aka samu a makon, tana cikin takaba, ta bayan labule muke magana. Ta karɓa ta ƙirga. Mace ce mai kunya, tun da Yaya ya auro ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni dalilin da abin yake raguwa kullum, na faɗa mata gaskiya, har da zuwana Rijau.

"Malam ya ce ina da tumuni a cikin duk abin da ya bari," ta ce. "To, ka taɓa tumunina."

"Yaya Rakiya, ba a gyara kashi ɗaya a bar bakwai. Abu ɗaya ne."

"To ka gyara shi duka. Baffa yana Rijau, Haruna. Ni nake dafa wa yaran nan, ni na san inda tukunya ta tsaya."

Na san izininta bai kai kan kason yara ba, ita ma ta sani. Ba zan fake da ita ba. Ni na yanke shawara, kuma ko da ba ta yi magana ba ina jin can zan ƙare.

Na zaɓi safiyar Juma'a, lokacin da masu shaguna suke shirin rufewa su tafi masallaci. Na sayi sabon filash a kasuwa, a cikin kwalinsa, na rubuta manhajar a kai. Na cika janareta da mai don kada ɗaukewar wuta ta same ni a tsakiya, na jona wa akwatin sikirin da kibod, na soka filash, na yi bisimilla na kunna. Na danna maɓallin da ke sa shi ya tambayi inda zai tashi, na zaɓi filash. Rubutu ya yi ta gudu, sannan ya tsaya da tambaya: duk abin da ke ciki za a goge, ka yarda? Yatsana ya daɗe a sama. A cikin akwatin nan akwai sunayen da Yaya ya laƙaba wa kowane kwastoma don tsokana, akwai dabarun da ya ƙirƙira da kansa a ranakun da abu ya ƙi. Abin da ya rage na tunaninsa a duniya ke nan yana aiki. Na ce, Yaya ka yi haƙuri, na danna.

Ya goge. Ya fara zuba sabuwar, layi yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Ya wuce rabi kaɗan sai ya tsaya, jan rubutu ya fito cewa fayil ɗin ya lalace. Na sake daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na zare filash na kunna akwatin haka nan, sai baƙin sikirin da layi ɗaya yana cewa babu abin da zai tashi da shi. Filash ɗin jabu ne. A jikinsa an rubuta babba, cikinsa ɗan ƙarami, wutsiyar manhajar ba ta samu wurin zama ba tun farko. Na zauna a ƙasa. Tsohuwa ta tafi, sabuwa ba ta zo ba, abincin marayu yana gabana kamar gangar da babu komai a ciki. Na je masallaci ranar, amma ko kalma ɗaya ta huɗuba ban riƙe ba.

Bayan sallah na zaga gari. Waɗanda na ƙara saya duk 'yan gida ɗaya ne da na farko. Wani abokina ya ba ni aron nasa mai kyau, na rubuta, na soka, akwatin ya ƙi ganinsa sam, don tsofaffin na'urori suna da zaɓe, ba kowane filash suke karɓa ba. Waya kuwa ba ta daina ƙara ba. A nan na tuna da wani ɗan ƙaramin filash mai launin toka da ya zo tare da akwatin tun daga Legas, wanda na taɓa ganin Yaya ya tashe shi da shi. Yana rataye a cikin makullansa. Makullan kuma suna aljihun Baffa.

Ban kai ga zuwa Rijau ba, labari ya riga ni. Washegari da hantsi na ɗaga kai na ga Baffa a ƙofar shago, da sandarsa, bai ko zauna ya huta daga hanya ba. Na durƙusa, bai amsa gaisuwar da kyau ba.

"An ce ka kashe shi."

"Bai mutu ba, Baffa. Ba ya tashi ne kawai."

"A garinmu wanda ba ya tashi sunansa gawa."

Ban yi gardama ba. Na faɗa masa abin da ya faru ba tare da na rage komai ba, sannan na faɗa masa abin da ke aljihunsa, da cewa shi ma sai an goge shi kafin ya yi aiki. Ya zaro makullan ya dube su, ya juya ɗan filash ɗin da yatsa. Ina jin sai ranar ya san ba ado ba ne.

"Wato yanzu so kake in sa hannuna a cikin abin da na hana."

Na ce haka ne. Ya mayar da makullan aljihu ya fita. Daga baya na ji gidan Yaya ya tafi, ya gaisa da Rakiya, ya zauna a zaure yana kallon yaran suna cin abinci. Daga can ya wuce masallaci. Sai bayan azahar ya dawo. Ya tsaya a gabana yana ɓanɓare zoben makullan da farce, bai kuma bari na taimaka masa ba.

"Ban yarda ba, Haruna. Ka ji da kyau, har yanzu ban yarda ba. Amma ba zan bar shi gawa alhali maganinsa yana aljihuna ba."

Na kwafe 'yan takardun aikin da ke ciki na adana a laftof, na rubuta manhajar a kai, na soka. Akwatin ya gan shi nan take. Baffa ya zauna a benci da carbinsa, idonsa a kan layin da bai san karatunsa ba. Da layin ya iso wurin da ya tsaya jiya, na matso kusa da sikirin. Ya wuce. Ya ci gaba da rarrafe har ya kai ƙarshe. Na zare filash na sake kunnawa, akwatin ya yi ɗan kukansa, fitilun suka fara ƙyaftawa kore. Babu komai a cikinsa tukuna, aikin bin kwastomomi gida-gida yana gabana, amma da ransa. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba.

"Baffa, ya tashi."

Na zaci zai ce alhamdu lillahi, ko ya yi mini faɗan da na san ina jira. Sai ya miƙe, ya zaro tarin makullan gaba ɗaya, har da na ɗakin Yaya, ya ɗora su a kan kabad.

"Ya tashi da wa a cikinsa? Aikin Umaru ka goge, naka za ka zuba. Sabuwar kalmar sirri, wa zai san ta? In ya sake ciwo, wa zai duba shi? Ni na karɓi amanar abin da Umaru ya bari. Yanzu ya zama abin da kai kaɗai ka san kansa. Ka shiga tsakanina da amanata, to ka ɗauke ta. Daga yau har ƙaraminsu ya mallaki hankalinsa, kai ne mai amsawa a gaban Allah. Ni na sauka."

"Baffa, Abuja fa? Suna jirana."

"Da ka tuna da Abuja kafin ka danna."

Na dubi makullan a kan kabad. Wa zan miƙa wa shagon? A kan akwatin ni nake da gaskiya, har gobe ina kan bakana. A kan abin da ya biyo baya kuwa, shi yake da ita. Ranar bai kwana a gidana ba kamar yadda ya saba, ya bi motar yamma ya koma Rijau. Mun ci gaba da gaisawa har ya rasu, ina kai masa ziyara yana sa mini albarka, amma bai sake kirana shawara a kan wani abu na dangi ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na taɓa nuna wa kowa.

Sauran kun sani. Yawancin kwastomomi sun dawo. Rakiya ta haifi namiji, aka raba gado a kan ƙa'ida, aka bar shagon a haɗe da sunan yaran, ni ina ma'aikaci a ciki. Daga shi suka ci, daga shi suka yi karatu, kuma ranar da autan ya gama makaranta na tara su na miƙa musu komai a gaban shaidu. Ko waya ɗaya ta shagon ba ta kwana a gidana da sunan tawa ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne yammacin ranar da Baffa ya tafi. Na koma gida bayan la'asar na tarar da matata Hadiza, mahaifiyar wasunku, a tsakar gida tana ɗaure buhu. Ta daɗe tana shiri. Ta sayar da awakinta, ta yi wa 'yan'uwanta bankwana, ta naɗe tukwanenta na aure da tsummoki don kada su fashe a hanya, a tukunya ɗaya take mana girki. Tun da muka yi aure ban taɓa ganinta da ɗokin wani abu kamar tafiyar nan ba. Ta ga makullan a hannuna, ta tsaya da ɗaurin. Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka.

"Har yaushe, Baban Amina?"

"Har ƙaraminsu ya girma."

"Ƙaraminsu," ta ce a hankali. "Wanda ba a haifa ba tukuna."

"Shi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ce na cuce ta ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ta dubi buhun. Sannan ta durƙusa ta kwance igiyar da ta gama ɗaurewa, ta fara fiddo tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana ware musu tsummoki. Da ta zo kan babbar, ta ajiye ta gefe ta ce a kai wa Rakiya, tunda yanzu girkin gida biyu za a riƙa yi.